Yabon Da Aka Saya Ba Shaida Ba Ne

Duk ɗan ƙasar Katagum da ya daɗe yana neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san burin da 'yan'uwansa da yawa ke kwana da shi, watau a tara ɗan abin da aka samu a sayi mota 'yar Beljiyam, Golf ko Sharon, a aika da ita Azare ta shiga layin Kano ko Fataskum ta riƙa ciyar da gida. Kuɗin nan gumin shekaru ne na gadi da dako da sayar da shayi. In motar ta zo da ciwo, ba mai ita kaɗai ya yi hasara ba, har da iyaye da iyali a Gamawa ko Giyaɗe ko Shira.

A da, mai neman mota yakan sami wani na gida wanda ya taɓa ciniki da dillalin, ya tambaye shi. Yau kuwa wayar hannu ce mashawarciya. Mutum ya duba ya ga an ba wani wurin sayar da motoci taurari biyar a Google, ko ya ga bidiyo a Facebook, ga mai saye riƙe da makulli yana sa wa dillali albarka, sai hankalinsa ya kwanta. Da waɗansu masu sayar da motoci suka lura yabon nan yana jawo kasuwa, sai suka shiga sayensa: wannan a ba shi katin waya, wancan a yi masa ragi, wani a juye masa baƙin mai kyauta, bisa sharaɗin ya yaba. To, shin wannan ya halatta?

Yabo don a sami abin hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maroƙi yakan wasa mutum a bainar jama'a a ba shi kyauta, amma kowa ya san sana'arsa ke nan, ba kuwa wanda ya taɓa sayen doki saboda kirarin maroƙi. Dillali ma kowa ya san la'ada yake jira, saboda haka akan auna maganarsa kafin a ɗauka. Aibin wannan sabon yabo shi ne maroƙi ne ya sa rigar mai ba da shaida. Mai karatu yana zaton yana jin bakin ɗan'uwansa mai saye, alhali kuwa talla ce aka biya. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ko da mai yabon bai yi nufin ƙarya ba, a duba lokacin da ake karɓar shaidarsa. Ran da ya biya kuɗi ne, mota tana ƙyalli da sabon fenti. Daga Ikko zuwa Azare ya fi kilomita 1,000, a kan wannan hanya ce inji ke faɗin gaskiyarsa. Can ne za a gane ko an mai da mitar tafiya baya, ko motar ta taɓa nutsewa a ambaliya ko ta yi haɗari a ƙasar waje aka yi mata kwaskwarima, ko takardun kwastan na jabu ne. Kafin nan taurari biyar sun riga sun hau intanet suna kiran wani.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan dabara. Sun hana abin da suke kira najashu, watau mutum ya riƙa taya kaya yana ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. Haka kuma sun hana ɓoye aibin haja. Wanda aka ba tukuici a ɓoye don ya zuga mota, aikinsa da na mai najashu ɗaya ne.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Tun 1992 aka kafa majalisar kare haƙƙin masu saye, a farkon 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Dokar ta hana mai sayarwa yin bayanin ƙarya ko na yaudara game da kayansa. Yabon da aka biya aka ɓoye biyan kuwa, in ba yaudara ba ne, mene ne sunansa?

Ƙasashen da ake kwaso motocin nan daga cikinsu sun riga sun ja layi. A Amurka, tun watan Oktoba na 2024 hukumar ciniki ta tarayya ta haramta ba da lada bisa sharaɗin a yaba ko a kushe, tarar kowane laifi guda tana iya wuce dala 50,000. A Ingila, daga Afrilu 2025 laifi ne a buga ra'ayin da aka ba da tukuici a kansa ba tare da an bayyana ba. Kamfanin Google kansa ya hana ba da kowace irin lada don a rubuta ra'ayi.

Masu sayar da motoci za su ce kyautata wa abokin ciniki ba laifi ba ne. Gaskiya ne, kuma akwai masu amana da yawa a cikinsu waɗanda wannan ɗabi'a ta fi cuta, domin ta daidaita su da macuta a idon jama'a. Kyauta ta halatta in ba a ɗaura mata sharaɗin yabo ba, in kuma mai magana ya faɗa a fili cewa an ba shi. In ɗayan biyun nan ya ɓace, ta tashi daga kyauta ta koma toshiyar baki.

Saboda haka wajibi ne hukumar FCCPC ta bayyana wa dillalai wannan iyaka ƙarara, da Hausa, a gidajen rediyo, yadda na Azare zai ji kamar yadda na Apapa zai ji. Shugabannin dillalan motoci su hori nasu tun kafin hukuma ta hore su. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun su faɗakar da jama'arsu. Shi kuma mai saye, kada taurari su hana shi zuwa da bakaniken da ya amince da shi, da tantance takardun kwastan, da neman wanda ya shekara yana hawan motar da ya saya a wurin. Wanda aka miƙa wa katin waya don ya yaba, ya tuna mai yiwuwa ɗan garinsu ne zai karanta ya zuba guminsa.