Wasiƙar Akawu: Gida Ba Zaure

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako, gama yau maganar gida nake so in yi da masu karatu, ba ta ofis ba.

Shekara uku ke nan da na bar ɗakin haya a Fagge, na koma ɗan gidan da na gina a bayan Rijiyar Zaki, gefen hanyar Gwarzo. Fulotin ƙafa 50 ne a kan 50, ciki biyu da falo, da madafa, da tsakar gida wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Na gode Allah, ba mai buga mini ƙofa a ƙarshen shekara. Amma jama'a, akwai abin da na rasa, ban kuwa san darajarsa ba sai da na rasa shi, watau zaure.

A gidajen cikin birni zaure shi ne fuskar mai gida. Nan baƙo zai yi sallama, nan maƙwabta za su zauna da almuru kowa da akushinsa, nan ake jin wanda ya kwana ba lafiya. Mu kuwa magina sun ce zaure ɓarnar fili ne. Sai muka tayar da katanga ta bulo, muka kafa ƙofar ƙarfe, masu hali suka ɗora waya mai ƙaya a bisa. Ran nan na komo daga aiki na tarar da rumfa da kujeru a layinmu. Ashe mahaifin maƙwabcina ne ya rasu, har an yi sadakar uku ban ji ba, alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. Kunyar da na ji sa'ad da na durƙusa yin ta'aziyya ba ta faɗuwa.

Sa'an nan ga maganar hanya. Unguwarmu awon igiya ce, watau gona ce mai ita ya yayyanka ya sayar. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun Gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, amma yawancinmu takardar ciniki kaɗai muka riƙe, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Mai sayarwa kuwa kowace ƙafa kuɗi ce gare shi, don haka bai bar wurin makaranta ba, bai bar na kwata ba, hanyar ma ƙyar ya bari. Mu da muka saya ba mu fi shi gaskiya ba. Wannan ya ci ƙafa biyu ya haƙa masai, wancan ya fito da dakali, har ni mai wannan rubutu na ɗan turo tudun ƙofata waje. Yanzu a-daidaita-sahu biyu ba su gilmawa a layin sai ɗaya ya ja da baya. To, ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ta ina motar kashe wuta za ta shigo? Da damina kuwa ruwan kowane indararo a ƙofar na ƙasa da shi yake taruwa, a watan Agusta yara sai a goye ake fid da su titi.

Mun zauna mu magidanta goma sha ɗaya a gaban mai unguwa ran Lahadin da ta wuce. An yarda kowa ya ja abin da ya fitar, a kuma yi karo-karo a haƙa kwata kafin ruwa ya sauka. Ni aka ba littafin kuɗi, tun da an ce aikina ne. Mutum bakwai sun biya. Tudun ƙofata kuwa jiya na sa aka fasa shi, uwargida tana ta faɗa.

Wassalam. Ni ne naka,
Akawu, Kano.