Lambar Shafin Da Ba Ta Kai Mai Karatu Ko'ina

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a yau, a Kano yake ko Zariya ko Yamai, da wuya a ce ya taɓa riƙe rabin littattafan da ya jera a manazartarsa. A waya ya karanta su, ko a kwamfuta. Babu abin kunya a nan: littafin da aka buga a Landan ko Beirut ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, ɗakunan karatu kuma ba su cika samun sabon bugu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ambaton waɗannan littattafai. Sau da yawa ɗalibi kan rubuta sunan marubuci da shekara da maɗaba'a, ya ɗora lambar shafi, tamkar littafin takarda ne buɗe a gabansa. Lambar kuwa wani lokaci daga allon waya ya kwaso ta, wani lokaci daga maƙalar wani da shi ma ba a san inda ya samo ta ba.

Ambaton madogara alkawari ne ga mai karatu cewa idan ya yi shakka, zai iya bin sawu ya tarar da maganar a inda aka ce tana nan. Lambar shafi ta daɗe tana cika wannan alkawari saboda dalili ɗaya: duk kwafin da ya fito daga bugu guda iri ɗaya ne, shafi na 57 a Sakkwato shi ne shafi na 57 a Alƙahira. Littafin lantarki ya warware wannan ƙulli. Fayil irin na EPUB ba shi da tsayayyen shafi; da an ƙara girman haruffa ko an sauya waya, sai rubutun ya sake shimfiɗuwa, abin da ke shafi na 57 ya koma na 90. Na'urar Kindle, da kamfanin Amazon ya fitar a 2007, da lambobin gurbi nata na kanta ta zo, sai a 2011 aka fara sanya wa wasu littattafanta lambobin shafi masu dacewa da bugun takarda.

Ko PDF, da ake ɗauka amintacce, yana da nasa tarkon. Manhajar da ke buɗe shi kan fara ƙirga ne tun daga bango, ta haɗa da sadaukarwa da gabatarwar da aka yi wa lambobin Romawa, don haka lambar da ke saman allo kan saɓa wa wadda aka buga a jikin shafin. Wadda ke jikin shafin ita ce abin ambato. Mafi muni su ne kwafe-kwafen da ke yawo a WhatsApp da Telegram, waɗanda wani ya sake bugawa da hannunsa, babu shafin maɗaba'a, babu shekara, wani lokaci har da tsallaken layuka. Wanda ya kafa hujja da irin wannan ya kuma jingina ta ga bugun asali, ya shaidi abin da bai gani ba.

Manyan jagororin rubutun ilimi sun yarda a kan abu guda: in babu tsayayyen shafi, a ambaci babi, ko kan sashe, ko lambar sakin layi. Bugu na bakwai na jagoran APA, da ya fito a 2019, ya ma hana amfani da lambobin gurbin Kindle. Sun rabu ne a kan ko dole a faɗi irin kwafin da aka karanta. APA ba ta buƙatar hakan muddin abin da ke ciki bai bambanta da na takarda ba, yayin da jagoran Chicago, a bugunsa na 17 na 2017, yake son a rubuta cewa Kindle ne ko EPUB. A nan Chicago ta fi kusa da daidai. Matsayin APA ya ginu ne a kan zaton cewa marubuci ya san kwafin biyu iri ɗaya ne, ɗalibin da bai taɓa ganin na takarda ba kuwa ina zai san haka? Ban da wannan, mawallafi na iya gyara fayil bayan an sayar da shi, ba tare da an kira gyaran sabon bugu ba. Kalma ɗaya a ƙarshen madogara ba ta cin wuri.

Abin mamaki shi ne yadda wasu malaman jami'a ke kallon ambaton babi da sakin layi a matsayin kasala, alhali tsarin ya girmi lambar shafi. Malamin zaure da ke kawo hadisi daga Bukhari ko Muslim yakan ce yana cikin kitabi kaza, babi kaza, domin ilimin ya ginu ne a zamanin da kowane kwafi da hannu aka rubuta shi, babu biyu da shafukansu suka zo ɗaya. Sura da aya ma haka suke aiki, kowane irin bugu mutum ya riƙe. Turawa sun yi tasu dabarar: har gobe da lambobin bugun Stephanus na 1578 ake ambaton Aflatun, Aristotle kuma da na Bekker na 1831, ko da wane fassarar ake karantawa. Masu amfani da manhajar Maktaba Shamila sun san tana bayyana ko lambobin shafin littafi sun dace da bugun takarda ko na'ura ce ta ƙirga su. Da yawa daga masu kwafo daga cikinta ba sa duba wannan layi.

Saboda haka wani kaso na laifin yana wuyan masu duba kundi. Malamin da ya ja jan biro a gefen takarda ya rubuta "ina shafi?" a kan littafin da ba shi da shafi, ya tura ɗalibinsa ne ya ƙirƙiro lamba, kuma zai ƙirƙiro, tunda ya san ba mai bin diddigi. Tambayar da ta fi amfani ita ce wane kwafi ya karanta, daga ina ya same shi, kuma yana da lambar DOI, wato wannan tsayayyar lamba mai farawa da 10 da ke kai mutum ga aikin ko da adireshinsa na intanet ya sauya. Idan babu ita, a kawo adireshin mawallafi ko na ɗakin karatun da ya ajiye littafin. Idan kuwa amsar ita ce wani aboki ne ya turo fayil ɗin a zauren WhatsApp na aji, to aikin da ya rage shi ne a nemo sahihin bugu a gwada nassin da aka ciro kalma da kalma, tun kafin kundin ya isa hannun mai jarrabawa na waje.