Kyanwa mai lanƙwasasshen kunne: Kyan da ke tafe da ciwo

Yau za mu leƙa wajen dabbobin gida, ganin yadda yara ke kallon hotunan kyanwoyin waje a Instagram da TikTok suna matsa wa iyaye a saya musu. Cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido akwai Scottish Fold, mai zagayayyar fuska da manyan idanu, kunnuwanta a lanƙwashe sun kwanta gaba.

Asalinta daga yankin Sikotland ne na Birtaniya. A 1961 wani makiyayi mai suna William Ross ya ga wata farar kyanwa, Susie, a wata gona kusa da garin Coupar Angus, kunnuwanta a lanƙwashe. Daga zuriyarta aka samo wannan iri gaba ɗaya. 'Ya'yan ana haifarsu da kunne a miƙe, sai sun kai kimanin mako uku zuwa huɗu yake lanƙwashewa.

Sai dai wannan lanƙwasar alamar cuta ce ta gado. Wata ƙwayar halitta ce ke hana guringuntsi ƙwari, shi ya sa kunnen ba ya iya tsayuwa. Guringuntsi kuwa ba a kunne kaɗai yake ba, yana cikin kowace gaɓa. Don haka duk kyanwar da kunnenta ya lanƙwashe tana ɗauke da larurar ƙashi da gaɓoɓi, wata da sauƙi, wata da tsanani, musamman idan uwa da uba duka masu irin kunnen ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar rajistar kyanwoyi ta Birtaniya ta daina karɓar irin tun farkon shekarun 1970.

Ta fuskar hali, kyanwa ce mai sanyi, marar yawan kuka, mai son zama kusa da mutane, kuma tana haƙuri da yara. Amma ku kula, kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Abin da kuke ɗauka natsuwa ce, wani lokaci zafin gaɓa ne ya hana ta motsi. Ku lura da waɗannan alamu: ɗingishi, ƙin tsalle zuwa kan kujera, wutsiya mai kauri da ba ta lanƙwasuwa, kumburi a ƙafafun baya, da faɗa idan an ɗauke ta.

A nan ne nake roƙonku, a matsayina na mai harhaɗa magunguna, kada ku ba ta maganin ciwon jiki na mutane. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta. Ibuprofen shi ma yana lalata mata ƙoda da ciki. Likitan dabbobi ne kaɗai zai rubuta abin da ya dace da nauyinta. Larurar ba ta warkewa, sauƙaƙa ta ake yi.

Idan kuna da ita a gida, ku hana ta yin ƙiba, ku yi mata shimfiɗa mai laushi a ƙasa, ku riƙa duba cikin kunnenta, kuma kada ku bari ta hayayyafa. Idan kuwa ba ku saya ba tukuna, ku sake shawara. Kuɗin da kuka biya shi ke sa masu kiwo su ci gaba da samar da dabbar da za ta rayu cikin ciwo, alhali ga magen gida nan mai lafiya, wadda allurar rigakafi da abinci mai kyau sun ishe ta.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.