Sauri Ya Haifi Nawa: Tsokaci Kan Tayar Keken Tsere

'Yan uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a nan Doha wadda ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Da zarar ɗayanmu ya sayi keken zuwa makaranta ko wurin aiki a West Bay, sai ya cire tayar da ta zo da shi, ya sa siririyar tayar tsere, wai don ya fi sauri. Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Na san inda sha'awar ta samo asali. A 2016 Doha ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, Peter Sagan ya lashe ta maza. A 2020 kuma hanyar keke ta titin Al Khor, mai tsawon kusan kilomita 33, ta shiga kundin Guinness. Amma Sagan yana da mota a bayansa ɗauke da wasu tayoyin. Kai wa ke bin ka?

Mu yi lissafi. A ce tafiyarka kilomita 8 ce. Da gudun kilomita 20 a awa, minti 24 za ka yi. Idan siririyar taya ta kai ka 22, sai ka yi kusan minti 22. Ribar minti biyu ke nan, wadda jan danja guda zai cinye. Robarta kuwa ba kauri, ƙusa ɗaya daga wurin gini ta ishe ta. A Kano kana juyawa za ka ga mai faci a gindin bishiya. A tsakanin dogayen benayen West Bay fa? Sai dai ka tura keke cikin zafin Yuli da kan haura digiri 45, darasi ya wuce ka.

Masu musu za su ce taya mai kauri tana da nauyi. Gaskiya ne. Irin su Schwalbe Marathon Plus, mai shimfiɗar kariya ta milimita 5, ta ninka ta tsere nauyi fiye da sau biyu, kuma ƙafa tana jin hakan. To, amma wanne ya fi: ɗan nauyi a ƙafa, ko faci ranar jarrabawa?

Wanda ke son tsere ya ajiye siririyar tayarsa don safiyar Juma'a. Na zuwa aji kuwa ya sayi mai kauri, ya riƙa duba iska kowane mako. Karatu ya kawo mu, kuma guzurin da iyaye ke aikowa ba na sayen taya duk zangon karatu ba ne.

Allah Ya sa mu dace.