Asma: Shuɗiyar inhela agaji ce, maganin yana wani wuri

Da zarar hunturu ya kama a Abuja, hazo ya lulluɓe Dutsen Aso, sai a fara jin wani busasshen tari a ofisoshin Sakatariyar Tarayya, mai tafe da ƙara kamar usur a ƙirji. Mai tarin ya taso tun asuba daga Mararaba ko Kubwa, ya shaƙi hayaƙin motoci a cunkoson hanya, ya iso ofishin da kafet ɗinsa ya sha ƙura, ga janareta na ruri a bayan taga. Idan numfashi ya sarƙe, sai ya zame zuwa bayi, ya ciro shuɗiyar inhela, ya fesa sau biyu cikin gaggawa, ya koma kujerarsa. A ganinsa ya sha magani. Alhali kuwa agajin gaggawa kawai ya yi wa kansa, ciwon yana nan inda yake.

Asma kumburi ne da ke zaune a hanyoyin iska na huhu ko da mutum yana jin garau. Ƙura, sanyi, mura, turaren wuta ko hayaƙin maganin sauro kan tsokano shi, sai tsokar da ke kewaye da hanyoyin ta matse, majina ta taru. Shuɗiyar inhela mai ɗauke da salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, tana sassauta tsokar cikin mintuna, ƙarfinta ya gushe bayan awa huɗu zuwa shida. Kumburin kuwa ba ta taɓa shi. Mai kwantar da shi ita ce inhela mai sinadarin sitiroyid, irin su beclometasone da budesonide.

Shi ya sa a 2019 GINA, ƙungiyar ƙwararru ta duniya da ke tsara ƙa'idojin kula da asma, ta daina ba da shawarar dogaro da salbutamol kaɗai. Ta ce kowane baligi mai asma ya samu inhela mai sitiroyid, ko ta kullum, ko wadda aka haɗa da formoterol ana shaƙa idan alamu sun taso. Akwai ma'aunin da kowa zai iya yi wa kansa: gwangwanin Ventolin na ɗauke da fesawa 200. Wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwon, wanda ke ƙarar da ɗaya kowane wata kuwa rayuwarsa ce a kan siraɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi.

Babban abin da ke raba mutane da maganin shi ne raɗe-raɗin cewa inhela tana bin jiki. Ba ta bi. Wanda buƙatarsa gare ta ke ƙaruwa, ciwonsa ne ke ƙaruwa. Abin takaici, tsoron ne ke tura wasu wajen mai kemis su sayi ƙwayar salbutamol, mai sa bugun zuciya da rawar hannu, ko su riƙa haɗiyar prednisolone ba da umarnin likita ba, wadda yawan shanta ke jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. An gudu daga yayyafi an faɗa mamako, domin abin da inhela ke kaiwa huhu kai tsaye ɗan mitsitsi ne idan aka gwada da ƙwaya.

Ko an samu maganin da ya dace, fesawar gaggawa a ɓoye takan bar mafi yawansa a harshe da maƙogwaro. Ƙa'idar ita ce a girgiza gwangwanin, a fitar da numfashi gaba ɗaya, a rufe leɓɓa a bakinsa, a danna sau ɗaya daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Kafin fesawa ta biyu a jira rabin minti. Bututun roba da ake kira sifesa, wanda ake sa wa tsakanin inhela da baki, yana sauƙaƙa wannan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda aka yi da gorar ruwa mai mililita 500 na iya yin aiki daidai da na kanti. Inhela mai gari ita kuma da ƙarfi ake zuƙarta. Bayan mai sitiroyid a kurkure baki a tofar.

Masu kukan tsada suna da gaskiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide kuma ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo. A nan ne hukumar inshorar lafiya ta NHIA ke da aiki. Ma'aikacin tarayya da ke cikin tsarin kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne a kansa. Wajibi ne hukumar ta tabbatar inhela mai hana kumburi da sifesa suna nan a asibitocin da ta amince da su. Kwana ɗaya a sashen gaggawa ya fi su tsada nesa ba kusa ba.

Abokan aiki ma da nasu rabon, musamman mataimakan da ke riƙe da jakar maigida. Idan ciwon ya tashi, a zaunar da mutum a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a yi masa rumfa. A ba shi fesawa ɗaya ta shuɗiyar duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa goma. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa magana, ko launin leɓɓansa ya sauya, sai asibiti nan take. Wannan taimako ba zai samu ba idan mai ciwon ya ɓoye wa kowa. Kafin hunturu ya kankama, mai asma ya ɗauki inhelarsa ya je gaban likita ko mai harhaɗa magunguna, ya fesa a gabansa a gyara masa, ya kuma tambaya ko akwai sitiroyid a cikin abin da yake shaƙa.