Hukuncin Dardumar Da Ruwa Ya Jiƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, idan marka ta sauka a watan Agusta, ruwa kan shiga ɗakuna da masallatai da rumfunan kasuwa a ƙasar Daura, tun daga birni har Zango da Baure da Mai'aduwa. Cikin abin da yakan jiƙa har da dardumar ulu saƙar hannu, wadda alhazai ke sayowa da tsada.

Farko, ruwan sama tsarkakakke ne, mai tsarkakewa. In shi kaɗai ya zubo ta rufi, darduma tana nan da tsarkinta. Amma in ambaliya ce ta biyo ta kwata ko masai har launinta ko ƙanshinta ko ɗanɗanonta ya sāke da najasa, to, a mazhabar Imamu Malik wajibi ne a wanke wurin da ruwa tsarkakakke har ya fita babu alamar najasa. Shanya kaɗai ba ta tsarkakewa. Wanda kuwa yake shakka ko najasa ta taɓa dardumarsa, yayyafa ruwa ya isar masa.

Na biyu, wankin kansa. A yi shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana sa ulu ya takure, rini kuma ya zuba. Kada a sa bilic, kada a murɗe ta. A shimfiɗa tawul a danna, a naɗe, ruwan ya tsane. Sa'an nan a baje ta a inuwa bisa gadon kara inda iska ke ratsawa sama da ƙasa, ana juya ta. Kada a bar ta jiƙe fiye da kwana biyu, gudun fumfuna da ruɓewar zare. A sani kuma, ulu yana riƙe danshi kusan sulusin nauyinsa hannu bai ji ba, saboda haka a ƙara mata kwana kafin a ajiye.

Na uku, nasiha ga fatake. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tsawata masa don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Don haka duk wanda ruwa ya shiga hajarsa, ya faɗa wa mai saye, ko da darduma ta bushe ta yi kyau. In ya ɓoye, mai saye yana da ikon mayar da ita saboda aibi, alhaki kuma yana wuyan mai sayarwa.

Allah Ya tsarkake mana shimfiɗunmu da cinikinmu, amin. Allah ne Mafi sani.