FILIN MOTOCI: Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Mota, Karanta Lambarta

A wannan wata zancenmu a kan tsofaffin motoci ne, irin waɗanda iyayenmu suka hau, waɗanda yanzu suka sake yin daraja har ana nemansu ruwa a jallo. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wani ƙanin matata da ya kusa zubar da kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa.

Dillali ne ya kai shi wani gareji, aka nuna masa Mercedes ƙirar W123, wato samfurin da kamfanin ya ƙera daga 1976 zuwa 1986. Fenti sabo, kujeru tsaf, a bayanta an rubuta 300D. Da ya ce in raka shi biyan kuɗi, sai na ce mu tafi da wani dattijon bakanike na zangonmu. Dattijon bai ko dubi fentin ba. Ya ɗaga murfin inji, ya goge bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman direba, ya karanta lambar da aka buga a jiki, sannan ya ƙirga bututun da ke kai mai cikin inji. Ya ce, "Malam, wannan ai 200D ce. Rubutun baya kawai aka canza mata." Mai gareji ya yi ta kame-kame, mu kuwa muka kama hanya da kuɗinmu a aljihu.

To yaya aka yi ya gane? Kowace mota tana da lambar shasi, wadda kamfani ke buga mata tun a masana'anta, kuma babu mota biyu masu lamba ɗaya. A wannan ƙira ta Mercedes, alƙaluma shida na farko su ne ke faɗin samfurin: 123120 ita ce 200D, 123123 ita ce 240D, 123130 kuma 300D. Injin 200D silinda huɗu gare shi, lambarsa tana farawa da 615. Na 300D kuwa silinda biyar ne, lambarsa tana farawa da 617. Alƙalamin da ke bin waɗancan shida shi ma yana da magana: 1 na nufin an ƙera ta da sitiyari a hagu, 2 kuma a dama. Wannan ya shafe mu, domin tun 1974 da Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama ake juya sitiyarin wasu motoci. Idan lamba ta ce 2, ka ga sitiyari a hagu, to an taɓa ta, sai ka duba ingancin aikin.

Daga 1981 akasarin kamfanoni suka koma lamba mai gurbi 17, wadda ake kira VIN. Ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a ruɗa su da 1 da 0. Haruffa uku na farko na kamfani ne: WDB na Mercedes, VF3 na Peugeot, WVW na Volkswagen. Sai dai a lura, motar da ta girmi wannan tsari lambarta kan fi gajarta, kuma hakan ba aibu ba ne. Haka nan W123 da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1981 tsarin lambarta dabam ne.

Abu mafi muhimmanci shi ne lambar nan ta yi daidai a wuri uku: a jikin ƙarfen mota inda aka buga ta, a ɗan farantin da aka maƙala da ƙusoshi, da kuma a takardu. Faranti ana iya cire shi, takarda ana iya buga ta a lungu, amma ta jikin ƙarfe ita ce mai wuyar canzawa, don haka ita za ka fara nema. A Volkswagen Beetle, alal misali, tana ƙarƙashin kujerar baya. Ka tafi da tocila da tsumma da rana tsaka. Ka shafa wurin da yatsa, ka leƙa bayansa idan zai yiwu. Alamar walda kewaye da lambar, ko wurin da aka goge ya lotsa, ko alƙaluman da suka karkace, ko fenti mai kauri a nan kaɗai, duk abin tsoro ne. Ka karanta lambar da kanka gurbi-gurbi, kada ka bari dillali ya karanta maka.

Maganar inji kuwa da sauƙi. Motar da ta shekara 40 a kan hanyoyinmu ba abin mamaki ba ne a ce an sauya mata inji. Wannan ba zamba ba ce muddin an faɗa maka, kuma takardu sun nuna. Amma wadda take da injinta na asali ta fi tsada, saboda haka kada ka biya kuɗin na asali a kan na aro.

Daga ƙarshe, mu mutane ne masu dangi a tsallaken iyaka, mota kan shigo ta Tema ko Lome ko Kwatano ta bi hannu da yawa kafin ta iso gare mu. Ka nemi takardar kwastan, ka kai lambar shasin ofishin rajistar motoci da wurin 'yan sanda a bincika, domin hukumar Interpol tana da kundin motocin da aka sace a ƙasashe da dama. Idan ta sata ce, ran da aka tare ka a shinge mota za ta tafi, kuɗi sun tafi, ga kuma zaman amsa tambayoyi. Mai sayarwar da ya hana ka kwafe lamba, ko yake ce maka ga wani can zai biya yau, ka bar masa kayarsa. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Allah ya haɗa mu da halal, ya kiyaye hanya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.